Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu koyar da Sifaniyanci a Katsina: a mayar wa ɗalibai alƙalaminsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai 'yan'uwana, maza da mata, masu darasin yamma a zauruka da azuzuwan aro, da masu koyarwa ta waya, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Ba mu da yawa a garin nan, kuma wasunmu ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Shi ya sa na rubuto a fili, don wanda ban san ƙofar gidansa ba ma maganar ta isa gare shi.

Ɗan ƙanina ne ya tayar da ni. Yaro ne mai himma, ya fi shekara yana koyon Sifaniyanci, da manhajar waya da kuma wani darasin ƙarshen mako. In aka kunna wasan Real Madrid da sharhin Sifaniyanci a gidan kallo, shi ke yi wa abokansa tafinta. Ran nan bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, yana so ya aika wa wata makaranta a Sifaniya tambaya kan sharuɗɗan shiga. Na miƙa masa takarda da biro, na ce rubuta in gani. Rabin awa ya yi yana juya biron nan. Da ya miƙo mini, layi huɗu ne, babu aikatau ko ɗaya da ya sarrafa daidai, kuma wurin faɗin shekarunsa ya bar wutsiyar nan da ke kan ñ, sai kalmar año, wato shekara, ta koma wata kalma da ba a furta ta gaban manya. Na tambaye shi sau nawa aka taɓa sa shi ya rubuta wani abu daga kansa, ya ce bai taɓa ba. Cike gurbi suke yi, da zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Muna fitar da yara masu kunne da baki, hannu kuwa a sanɗare. Alhali duk ƙofar da suke son shiga da wannan harshe, takarda ce ke tsaron ta. Mai neman gurbin karatun likita a Kyuba, da mai son aiki a Malabo ta Ikwatoriyal Gini, ƙasa ɗaya tilo a Afirka da Sifaniyanci yake harshen hukuma, da yaron da ke mafarkin bin sawun Umar Sadiq ɗan Kaduna zuwa filayen ƙwallon Sifaniya, kowannensu sai ya cike fom, sai ya rubuta wasiƙa, sai ya karanta yarjejeniya ya mayar da amsa. Jarrabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci, wadda cibiyar Cervantes mai yaɗa harshen ke gudanarwa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya, ko a matakin farko na A1 tana ba ɗalibi minti 25 ya cike fom kuma ya rubuta saƙo na kalma 30 zuwa 40. A matsakaicin mataki na B1 awa guda ce, rubutu biyu, kowanne bai gaza kalma 100 ba. Makin rubutu da na karatu a kwando ɗaya ake haɗa su, kuma dole a sami 30 cikin 50 a kwandon, don haka zaƙin baki ba ya ceton wanda hannunsa ya gaza.

Roƙona ɗaya ne: kada wani darasi ya tashi ba tare da ɗalibi ya rubuta wani abu da hannunsa ba, kuma abin da zai rubuta ya fito daga rayuwarsa ta Katsina, ta kan gadar Hausa kai tsaye.

Na ce ta kan Hausa saboda yawancin littattafan da ke hannunmu an rubuta su ne don mai jin Turanci. Sai yaro ya yi tunani da Hausa, ya juya zuwa Turanci, sannan ya sake juyawa zuwa Sifaniyanci, ya iso a gajiye, rabin kayan sun zube a hanya. Abin takaicin shi ne, a wurare da dama Hausa ta fi Turanci kusa da inda za a je. Littafin Bature zai ɓata shafuka yana lallashin ɗalibi ya yarda cewa tebur da kujera suna da jinsi. Ɗanmu kuwa tun yana goye ya san riga ce, wando ne. Ya san farin doki da farar riga, kuma abin da ke cikin caballo blanco da camisa blanca ke nan, har wasalin a da ke ƙarshen ta macen ya zo ɗaya. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, kamar bokonmu. Bambancin ser da estar, wanda ke sa ɗaliban Ingila da Amurka ciwon kai, a rana ɗaya nake shigar da shi: "babana tela ne" shi ne mi padre es sastre, "babana yana kasuwa" shi ne mi padre está en el mercado. Inda muke cewa ne ko ce, a fara gwada ser. Inda muke cewa yana ko tana wuri kaza, estar. Ba ko'ina ma'aunin ya dace ba, amma ya isa ɗalibi ya rubuta shafi guda a kan mutanen gidansu tun makon farko, kuma aikin da nake fara ba su ke nan.

Inda harsunan biyu suka saɓa, nan ma alƙalami ne magani. Rana mace ce a wurinmu, el sol namiji ne. Wata namiji ne, la luna mace ce. Gida namiji, la casa mace. Hannu namiji, la mano mace, duk da ta ƙare da o. Ina sa kowane ɗalibi ya ware shafukan ƙarshe na littafinsa don irin waɗannan kalmomi masu sauya riga, duk wadda ya ci karo da ita ya shigar, kuma duk Juma'a ya zaɓi biyar ya saka su cikin jimloli.

Sai shifta. Na san wasu suna ganin ta tsohon yayi, ni kuwa ban ga abin da ya kai ta ba, muddin malami ya tsara ta daidai da kunnen Bahaushe. Minti biyar ta isa. Mu mun san inda yaranmu ke tuntuɓe: p da f. Bahaushe zai ji puente, gada, ya rubuta fuente, maɓuɓɓugar ruwa. Zai ji fila, layi, ya rubuta pila, batir. To a haɗa su cikin jimla ɗaya a yi ta karanto masa har kunne da hannu su daidaita. Ga h da ake rubutawa ba a furtawa, ga b da v da suke fita da sauti ɗaya. Ga pero, amma, da perro, kare, kuma wannan ba ya ba mu wuya in aka tuna wa ɗalibi cewa baran gidan sarki da barar almajiri ba da r ɗaya ake faɗinsu ba. Alamar da ke kan wasali kuwa, da wutsiyar ñ, ina fara bayaninsu da namu haruffan masu lanƙwasa. Na kan rubuta baki da baƙi a allo, da kafa da ƙafa, da bata da ɓata, in tambaye su ko ƙugiyar nan ado ce. Sai in rubuta papá, baba, da papa, dankali. Sai hablo, ina magana, da habló, ya yi magana. Yaron da ya gane cewa ɗigon tawada ɗaya ya mayar da "ni yanzu" ya koma "shi jiya" ba ya sake raina alamar. Wani amfanin da ban yi zato ba shi ne, da yawansu sun dawo suna sa ƙugiya a Hausarsu ta waya, wadda da suka yi watsi da ita.

Aikin da na fi dogara da shi shi ne mafi ƙanƙanta: layi uku kullum. Ƙaramin littafi, kwanan wata a sama, sai abin da ya faru yau. An ɗauke wuta. Na raka inna asibiti. Kwanon gero ya tashi. Bai wuce haka ba. Cikin wata uku ɗalibi ya rubuta jimla kusan 270 da babu su a kowane littafi, kuma kowacce ta tilasta masa neman kalmar da yake bukata da gaske. Nan yake gano cewa ranakun mako da watanni da ƙaramin baƙi ake rubuta su, lunes, enero, kuma alamar tambaya biyu ce, ɗaya a kife a farkon jimla, ɗaya a ƙarshe. Daga layi uku sai a hau cefane: a rubuta jerin kayan miya da farashinsu da kalmomi, ba da lamba ba, sannan a rubuta cinikin da aka yi da mai tumatir, da tayi da albarka da ragi. Wata rana kuma a ce baƙo ya sauka a Ƙofar Ƙaura yana neman hasumiyar Gobarau, a rubuta masa kwatance, kuma a yi masa usted, wato yadda muke ce wa babba "ku" ba "kai" ba.

Wurin da nake so mu daɗe shi ne labari, saboda nan ne Sifaniyanci yake da wani abu da sai an zauna. Suna da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, ɗaya na abin da ya auku ya ƙare, ɗaya na halin da ake ciki ko abin da aka saba yi. Ƙa'idar a allo ba ta zama a kai. Amma ku ba ɗalibi labarin rijiyar Kusugu ku ga aiki. Kowane ɗan ƙasar nan ya san shi, don haka hankalinsa ba ya rabuwa tsakanin ƙirƙiro labari da neman kalma. Maciji yakan hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a: la serpiente solo dejaba sacar agua los viernes. Wannan hali ne da aka daɗe a ciki. Wata rana baƙo ya iso ya kashe shi: un día llegó un forastero y la mató. Wannan aukuwa ce, sara ɗaya. Sai ɗalibi ya ga ashe bambancin nan yana bakinsa tuntuni, shi ne tsakanin "yakan hana" da "ya kashe", tsakanin "muna cin tuwo" da "sai ya shigo". Wata ɗalibata 'yar Daura, da muka yi wannan aiki, ta tsaya ta tambaye ni me ya sa aka ce la mató alhali macijin namiji ne har ana kiransa Sarki. Tambayar nan ta fi mini amsa goma daidai, don ta nuna tana auna kowace kalma da harshen uwarta. Na ce ta buɗe shafukan ƙarshe ta shigar da serpiente.

Haka tatsuniya. Muna buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", su suna cewa había una vez. Muna rufewa da "ƙurunƙus", su suna cewa colorín colorado, este cuento se ha acabado. A sa su rubuta Gizo da Ƙoƙi tsakanin waɗannan ƙofofi biyu. Samarin da tatsuniya ba ta dame su ba, a ba su rahoton wasa: washegarin karawar Madrid da Barcelona kowa ya zo da layi goma, wa ya ci, a minti na nawa, yaya filin yake, me alƙalin wasa ya yi. Ban taɓa ba da wannan aiki wani ya ce ya manta ba. Karin magana ma tana da nata wuri, amma da sharaɗin kada a fassara ta kalma da kalma, a nemo 'yar'uwarta. "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki" tana da ƙawa a can, más vale pájaro en mano que ciento volando, tsuntsu ɗaya a hannu ya fi ɗari a sama. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" kuma de tal palo, tal astilla, yadda icen yake haka tsagensa. Ɗalibi ya rubuta gajeren labari daga unguwarsu wanda ɗaya daga cikinsu za ta dace da shi.

Akwai iyayen da ke tambayata me ya haɗa ɗansu da yaren Turawan da ba su ma mulke mu ba. Ina ba su amsar lissafi, cewa mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a baki, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma ɗaya ne cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, ga maƙwabtanmu irin su Kwaddibuwa da Senegal da Benin suna koyar da shi a sakandare, har cibiyar Cervantes ta buɗe reshe a Dakar a 2021. Amma amsar da ta fi shiga ran dattijo ita ce ta Andalus. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Mai Ishiriniyar da ake rerawa a unguwanninmu, Alfazazi, mutumin Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda duk almajirin nahawu ya sani, a Jayyan aka haife shi, garin da yau ake kira Jaén. Larabci ya bar kalmomi kusan 4,000 a Sifaniyanci, kuma wasunsu mu ma mun aro su daga tushe ɗaya: alcalde, shugaban gari, ɗan'uwan alƙali ne, azúcar sukari, cifra sifiri, taza tasa, hasta kuma hatta. Har ojalá da suke faɗa in suna fata, sunan Allah ne a cikinta. Musulmin da suka rage a can bayan faɗuwar Garnaɗa sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado, kuma kunnenku ya riga ya ji ajami a ciki. Wannan ma aikin rubutu ne mai kyau: ɗalibi ya tara irin waɗannan kalmomi ya gina sakin layi da su, ya kai gida ya karanta wa kakansa.

Yanzu maganar gyara, wadda nake jin nan muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Malami ya karɓi shafi ya cika shi da jan biro, ya rubuta daidai a kan kowane kuskure, ɗalibi ya duba maki ya ninke ya saka a aljihu. Malamin ne ya yi atisayen, ba yaron ba. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san wata hanyar. Malam yakan duba allo, ya nuna maka wurin da ka karkace, kai za ka gyara da hannunka, kuma ba a wanke allo a yi ƙari sai karatun ya zauna. Haka nake yi. Ina ja layi ƙarƙashin kuskuren in sa ƙaramar alama a gefe, J don jinsi, L don lokaci, R don rubutun kalma, in mayar masa ya nemo da kansa, ya sake kwafe shafin tas. Maki a kan na biyun yake. Kuma ba na farautar komai a lokaci ɗaya. In makon na jinsi ne, jinsi kawai nake bi, sauran su jira layinsu. Yaron da aka nuna wa kuskure talatin a shafi ɗaya ba ya koyon talatin, fasa rubutun yake yi.

Na san abin da za ku ce game da waya: a ba da aikin gida, a dawo da Sifaniyanci mai sheƙi wanda na'urar fassara ta yi. Gaskiya ne, ina gani. Shi ya sa rubutun da nake ba maki a gabana ake yin sa, minti goma na ƙarshen darasi, waya a kife. Masu koyarwa ta WhatsApp, ku nemi hoton rubutun hannu, sannan ku sa ɗalibin ya karanto shi da murya ya bayyana da Hausa dalilin da ya sa ya zaɓi kalma kaza. Wanda ya rubuta da kansa zai iya, wanda aka rubuta wa zai tsaya cak. Wannan hanya ta hoton takarda ita ce kuma ta buɗe wa matan aure ƙofa. Ina da ɗalibai mata biyu da ba sa iya zuwa zaure, ɗaya hoto take turowa, ɗaya yaro ke kawo littafinta ran Asabar ya koma da shi ran Lahadi, kuma rubutunsu ya fi na mazan tsabta, saboda su komai nasu ta alƙalami yake bi.

Kada mu bar wasiƙar hukuma sai ranar da bukata ta taso, kamar yadda ta faru da ɗan ƙanina. Mu mun saba buɗe wasiƙa da doguwar gaisuwa, a tambayi iyali da gajiya da damina, kuma hakan shi ne ladabi a wurinmu. Su a wasiƙar ofis Estimado señor ne, ɗigo biyu a gabansa, sai a faɗi abin da ya kawo mutum a jimlar farko, a rufe da Atentamente. Ɗalibi yana bukatar ya gwada wannan sau da dama kafin ya daina jin kamar ya yi rashin kunya. A sa shi ya nemi gurbin karatu, ya ba da haƙurin rashin zuwa aji, ya tambayi kuɗin hayar ɗaki, duk a takarda, tun ba a kai ga gaske ba.

Abu na ƙarshe da nake nema a wurinku shi ne mu ba rubutun yaran nan mai karantawa wanda ba malaminsu ba. Ɗalibaina tara ne. In wani cikinku a Daura, ko Dutsin-Ma, ko Funtuwa, ko nan cikin birni yana da ko da biyar, mu haɗa su biyu-biyu su riƙa musayar wasiƙa sau biyu a wata, a takarda, direban tasha ya kai ya kawo. Wasiƙar farko kowa ya gabatar da kansa da unguwarsu, ta biyu ya ba da labarin hawan sallar garinsu, daga nan su da kansu za su sami abin faɗa. Mu malamai kuma mu zauna sau ɗaya a zango, kowa ya zo da littattafan ɗalibansa da jimlolin shiftar da ya tsara, mu tara kurakuran da Bahaushe ya fi yi wuri ɗaya, mu fitar da 'yan shafuka na atisaye da bayanin Hausa waɗanda za a iya kwafa a shagon hoton takarda a raba. Zaurena yana ɗaukar mutum goma sha biyu, akwai allo da alli, kuma bayan la'asar ran Asabar babu darasi.

Ɗan ƙanina yana mako na shida da littafin layi uku. Wasiƙar makarantar ya sake ta sau huɗu kafin na ce ya aika, kuma ya aika ran Litinin da ta wuce.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa albarka a abin da muke koyarwa. Wassalam.

Naku,
Malamin darasin yamma,
Ƙofar Marusa, Katsina.